Ɗumama Babban Tankin Kifi a Gida Ba Tare da Kuɗin Wuta Ya Fi Ƙarfin Mutum Ba



An nemi in yi magana a kan yadda mutum zai ɗumama ruwan babban tankin kifi na gilashi a gidansa, irin wanda ya kai lita 1,000 ko 2,000 ko fiye, ba tare da mita ta cinye masa albashi ba. Na san wani zai ce a ransa, mu da muke kuka da zafi, ina mu ina ɗumama ruwa? Yana da gaskiyarsa, domin asalin wannan ɗawainiya ta mutanen ƙasashen sanyi ce. A shekarar 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kallon kifi, sha'awar ajiye kifi a falo ta bazu a Ingila. A 1869 wani Bafaranshe mai suna Pierre Carbonnier ya samu wani ƙaramin kifi mai launi daga ƙasar Sin, ya yi kiwonsa a Paris har ya hayayyafa. Da kifayen ƙasashe masu zafi suka fara shiga Turai, sai masu kiwo suka riƙa yi wa tanki gindi da allon dutse, su kunna fitila a ƙarƙashinsa. Har gobe mai babban tanki a Jamus ko Kanada yana ɗumama ruwa kusan duk shekara.

Mu namu rabon ɗan kaɗan ne, amma yana da kaifi. A Disamba da Janairu zafin dare a Kano yakan sauka zuwa wajen digiri 13, a Jos ya fi haka sauka, kuma iskar hunturu busasshiya ce ƙarau. Kifi ba ya yi wa jikinsa ɗumi kamar mu. Yadda ruwa yake haka jininsa yake. Yawancin kifayen ado na ƙasashe masu zafi suna son digiri 24 zuwa 28. Ko namu na gida da Turawa suke saya su zuba a tankunansu, irin su gartsa da kurungu, 'yan ruwan ɗumi ne. Karfasa da muke ci takan rage cin abinci idan ruwa ya yi ƙasa da digiri 20, kuma idan ya kai wajen 11 ko 12 sai ta fara mutuwa. Duk wanda ya leƙa tankinsa da asubar hunturu ya san abin da nake nufi: kifi ya lafe a ƙasa, ya tsuke fikafikansa a jiki, ka watsa abinci ya bi shi da ido. Bayan 'yan kwanaki sai ka ga fararen ɗigo a jikinsa kamar an barbaɗa masa gishiri. Ƙwayar cutar nan tana samun ƙofa ne idan sanyi ya raunana kifi.

To, da mutum ya ga haka, abin da yake fara tambaya shi ne, wace hita zan saya wadda ba ta cin wuta? Ina so in kashe wannan tambaya tun yanzu, domin ita ce take sa mutane asarar kuɗi. Duk hitar lantarki da ake tsomawa a ruwa, ta gilashi ce ko ta ƙarfen titaniyom, mai tsada ko mai araha, wutar da ta ja gaba ɗaya zafi take zama, kuma a cikin ruwan yake zama. Wat 300 wat 300 ne. Tsada tana saya maka ƙarko da aminci, amma ba ta rage maka ko yunit ɗaya. Abin da kake biya a kowane wata kuɗin zafin da ya gudu daga tanki ne, hita kuwa cike gurbinsa kawai take yi. Saboda haka wanda yake son sauƙi sai ya nemo hanyoyin da zafin yake bi yana fita.

Bari mu ɗauki tanki ɗaya mu yi ta aiki da shi har mu tashi: tsawo mita 2.5, faɗi mita 1, zurfi santimita 80. Lita 2,000 ke nan, nauyin ruwansa kaɗai tan biyu. Akwai lamba ɗaya da nake roƙon kowa ya rubuta. Ɗaga zafin ruwa lita 1,000 da digiri ɗaya yana cin yunit 1.16 na wuta, irin yunit ɗin da muke saya a mita. A tankinmu, kowane digiri ɗaya yunit 2.3 ne. Idan ka cika shi da ruwa mai digiri 20 kana son ya kai 26, kusan yunit 14 za ka kashe. Wannan sau ɗaya ake biyansa, kuma ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne yoyon yau da kullum.

Babbar kafar da zafi yake bi ita ce saman ruwa, kuma a nan zan ɗan daɗe. Mun san randa. Ruwan randa yana sanyi ne domin yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta kwashe shi, kuma duk ɗigon da ya tashi sai ya tafi da zafi. Da wannan hikima ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Buɗaɗɗen tanki a cikin hunturu randa ce babba wadda ka sa wa hita. Kowace lita ɗaya ta ruwa da ta bi iska tana tafiya da zafin da ya kai kusan yunit 0.68. Ka duba jikin gilashinka, wurin da ruwa ya ja baya ya bar farin layi kamar na kanwa. A tankinmu, idan ruwa ya sauka da milimita 4 kacal a yini, abin da ido ba zai ma kula da shi ba, lita 10 ce ta tafi, wato kusan yunit 7 a rana. Mutum yana ƙara ruwa da bokiti yana ganin ai ruwa ne kawai, bai san wuta yake zubarwa ba.

Maganin wannan murfi ne, murfi mai rufewa da kyau. Gilashi yana yi, amma a babban tanki yana da nauyi kuma yana fashewa. Na fi son farar robar nan mai haske mai hawa biyu da iska a tsakani, wadda ake rufin rumfa da ita: ba ta da nauyi, ana yanka ta da wuƙa, haske yana ratsa ta, kuma iskar da ke tsakiyarta tana tare zafi. Ka ɗaga irin wannan murfi da safe ka ga yadda ruwa ya taru a cikinsa ɗigo-ɗigo yana gangarawa yana komawa tanki. Ruwan da da ya tafi ke nan, ya dawo. Kada a manta da ƙaramin tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin babban, domin mutane da yawa suna rufe sama su bar na ƙasa a buɗe, alhali can ne ruwa yake zubowa yana fantsama, iska tana dukansa ta ko'ina. Shi ma a rufe shi, kuma a sa bakin bututun da ke kawo masa ruwa ya nutse.

Sai dai murfi yana da sharaɗi. Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ke cikin ruwa, kuma ta saman ruwa take shiga. Ruwan ɗumi ma bai kai na sanyi riƙe ta ba: a digiri 20 lita ɗaya tana riƙe kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa wajen 7.5. Don haka a bar tazara tsakanin ruwa da murfi, a bar 'yar kafa a gefe, kuma a sa saman ruwa ya riƙa motsi. Idan ka ga kifi ya taso sama yana buɗe baki da sassafe, ka ƙara masa iska, ko da hakan zai ci maka ɗan zafi. Ran dabba yana gaba da yunit.

Kafa ta biyu jikin tanki ce. Gilashi ba ya riƙe zafi. Bisa ƙiyasi, kowane murabba'in mita ɗaya na gilashi yana sakin wajen wat 8 a kan kowane digiri ɗaya na bambanci tsakanin ruwa da ɗaki. Bangon tankinmu huɗu sun kai murabba'in mita 5.6. Idan ruwa yana 26 ɗaki yana 20, wat 270 ne suke fita dare da rana, ban da gindi. Alhali ta gaba kawai muke kallon kifi. Baya yana fuskantar bango, gefe sau da yawa ba mai kallonsa. A samo farin soson nan mai tauri, irin wanda ake tallafe sabon firji da shi a cikin kwali, ana sayar da shi falle-falle a wajen masu kayan gini. Mai kaurin santimita 5 yana rage fitar zafi a wurin da aka manna shi zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. A shafa wa fuskar da ke kallon ruwa baƙin fenti ko shuɗi, sai ya zama ado. Game da gindi a yi hattara: tankin da aka ƙera ya zauna a kan firam ɗinsa ba a cusa masa abu a ƙarƙashin gilashi, don kada ya danne shi ya tsage. A manna soson a ƙasan katakon da tankin yake kai.

Yanzu mu haɗa lissafi. Tankinmu a buɗe, babu komai a jikinsa, a ɗaki mai digiri 20 da busasshiyar iska, yana iya zubar da wajen wat 700, wato kusan yunit 17 a rana. Da murfi da soso a baya da gefe da ƙasa, abin yana saukowa wajen wat 200, kusan yunit 5. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta Najeriya ta kai kuɗin yunit na 'yan rukunin Band A naira 225, daga baya a cikin shekarar aka ɗan rage, amma a lokacin bai sauka ƙasa da 200 ba. Ko a kan naira 200 ka yi lissafi, na farko ya haura naira 100,000 a wata, na biyu wajen 30,000. Ba a sayi wata na'ura ba, murfi ne da soso. Waɗannan lambobi ƙiyasi ne na misali. Ɗakin da ya fi ɗumi zai ci ƙasa da haka.

Kowa yana iya auna nasa. Da dare, ka auna zafin ruwa da ma'auni mai kyau, ka kashe hita, ka bar injin ruwa da na iska suna aiki. Bayan awa huɗu ka sake aunawa. Idan tankin lita 2,000 ya sauka da digiri ɗaya a awa huɗu, yunit 2.3 ya fita, wato kusan wat 580 hita za ta riƙa cikewa. Ka yi wannan gwaji kafin murfi, ka sake bayan murfi. Daga nan ne za ka san girman hitar da kake bukata. Ƙa'idar da masu shago suke faɗa, wai wat ɗaya ga kowace lita, ta ƙananan tankuna ce. Babban tanki jikinsa kaɗan ne idan aka gwada da yawan ruwan cikinsa, don haka yana hucewa a hankali. Kuma kada a manta, injin tura ruwa da ke nutse a cikin tanki shi ma hita ne: idan yana jan wat 100, kusan duka a ruwan suke ƙarewa. A tankin da aka rufe da kyau, rabin aikin ke nan an yi.

Da mun zo kan hita, abin da ya fi damuna aminci ne. Hita tana lalacewa ta hanya biyu. Ko ta mutu, ruwa ya huce a hankali, ka lura ka canza. Ko kuma makunninta ya maƙale a kunne, ta yi ta dafa ruwa har kifi ya mutu. Wannan ita ce masifar. Shi ya sa ba na son hita ɗaya ƙatuwa. Idan wat 600 kake bukata, ka sa biyu masu wat 300. Ɗaya ta maƙale, a tankinmu ba za ta ɗaga ruwa fiye da digiri ɗaya a awa bakwai ko takwas ba, kuma yoyon tanki yana rage mata ƙarfi. Kana da lokacin ganewa. Sannan a haɗa su da kwantirola ta daban, irin ta Inkbird da makamantanta, mai nata ma'aunin a cikin ruwa, wadda take yanke wuta idan an kai digirin da aka sa. Makunnin hitar kuma a saita shi sama da haka da digiri ɗaya ko biyu, ya zama mai gadi na biyu. A ajiye hita inda ruwa yake gudu, a wurin da ba zai taɓa ƙafewa ya bar ta a waje ba, domin ta gilashi tana fashewa idan ta yi zafi a bushe. Manyan kifaye kuma suna fasa ta da wutsiya, gara a ɓoye ta a tankin ƙasa.

Ina roƙonku da Allah, kada wanda ya tsoma hitar wanka a tankin kifi. Ba ta da makunni, kuma mun sha jin yadda take hallaka mutane. Layin da tanki yake kai ya zama yana da wayar ƙasa mai kyau da na'urar nan mai yanke wuta da zarar ta yi yoyon miliamfiya 30. Kowace waya a bar ta ta lanƙwasa ƙasa da soket kafin ta hau, don ɗigon ruwa ya sauka a ƙasa. Kafin ka sa hannu a ruwa, ka kashe hita. A gidajenmu akwai yara.

Akwai hanyoyin samun zafi da suka fi hita araha, ga wanda tankinsa ya kai girman da za su biya kuɗinsu. A Amurka da Turai, inda gas ya fi lantarki sauƙi a wurare da yawa, masu manyan tankuna sukan naɗa dogon bututun roba a cikin tankin ƙasa, su riƙa zagaya ruwan zafi na tukunyar gida a cikinsa, kwantirola tana kunna ƙaramin inji tana kashewa. Ruwan biyu ba sa haɗuwa, zafi ne kawai yake ratsawa. Bututun jan ƙarfe haramun ne a nan, domin yana sakin guba a ruwa, yana kashe jatan lande da dodon koɗi, kuma idan ya yi yawa har kifi. Akwai kuma na'urar jawo zafi, wadda take aiki kamar na'urar sanyaya ɗaki da aka juya: tana kwaso zafi daga iska ta zuba a ruwa, kuma a kan kowane yunit ɗaya da ta ci tana ba da zafin yunit uku zuwa biyar. Ita kaɗai ce na'urar lantarki da ta karya ƙa'idar da na faɗa a kan hita. Amma tana da tsada, kuma mu da muke bukatar ɗumi na wata biyu ko uku a shekara, ban ga dalilin sayenta ba sai ga mai ɗakin kifi guda, ko wanda zai samu irin wadda take sanyayawa a bazara. Wanda yake da tankuna da yawa a ɗaki ɗaya kuwa, gara ya toshe kafofin ɗakin, ya yi masa silin mai kyau, ya ɗumama ɗakin gaba ɗaya.

Abin da Allah ya hore mana wanda Bajamushe ba shi da shi a watan Janairu shi ne rana. Ko a cikin hazo, wunin hunturu yana da ɗumi. Ku tuna digiri ɗaya a tankinmu yunit 2.3 ne. Batirin nan mai bolt 12, amfiya 200, da muke sa wa inbata, abin da aka rubuta yana ɗauka yunit 2.4 ne, kuma ba a so a zuƙe shi duka. Wato ruwan tankin da kansa ma'ajiya ce. Mai sola ya saita hita ta yi aiki da rana, daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da farantai suke ba da wuta fiye da bukata, ta kai ruwa digiri 27. Da dare a kashe ta. Tankin da yake zubar da wat 200 zai sauka da wajen digiri ɗaya a awa goma sha biyu, gari ya waye yana 26. Irin wannan sauyi na sannu-sannu ba ya cutar da kifi. A kogi ma haka yake. Abin da ba a yi shi ne a ɗora hita a kan batir da dare, domin kafin asuba ta ƙarar da shi.

Haka nan wajen canjin ruwa. Idan ka cire lita 500 ka zuba na safe mai digiri 18, sai hita ta kashe fiye da yunit 4.5 kafin ta dawo da shi 26, ga kuma girgizar da kifi zai sha. Baƙin tankin roba da ke saman gida yana shan rana wuni guda. Ka jira bayan la'asar, ka tara ruwansa a bokiti, ka auna, idan ya yi kusa da na tanki sai ka zuba a hankali. Idan ruwan famfo ne na gwamnati, a kashe sinadarin kulorin da ke cikinsa tukuna.

Saura maganar ɗauke wuta, wadda na san tana ran kowa. Babban tankin da aka rufe yana iya kwana ba hita bai sauka da abin a zo a gani ba. Abin da yake fara kashe kifi idan wuta ta tafi rashin iska ne, da tsayawar matatar ruwa. Ɗan abin da ke cikin batir a ba injin iska, wanda wat kaɗan yake ci. A lulluɓe gaban tanki da bargo, a bar kafar iska. Idan daren ya yi tsanani, a cika gorunan roba da ruwan zafi, a rufe su da kyau, a saka su su yi iyo a ciki. Ba a zuba tafasasshen ruwa kai tsaye. A rage abinci ko a dakatar, domin kifin da ya ji sanyi ba ya narkar da shi, ruɓewa kawai zai yi a ruwa. Kuma kada a kai kaskon gawayi ko janareta cikin rufaffen ɗaki da sunan ɗumama kifi. Hayaƙin da ba a gani ba ya wari, yana kashe mutum cikin barci.

Wanda bai riga ya sayi kifi ba yana da wata dama. Kifin zinariya da koyi suna jure sanyin da ya fi namu nesa ba kusa ba, ba su bukatar hita a hunturunmu, sai dai zafin bazara ne yake wahalar da su. Kifin diskas na kogin Amazon kuwa yana son digiri 28 zuwa 30, kuma duk digirin da ka ƙara yana ƙara yoyo. Idan kifayenka suna jin daɗin 25, babu dalilin ajiye su a 28.

Idan Maris ya shigo, Afrilu ya kai zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri digiri 40, sai a juya aikin. A cire hita a goge ta a adana. Soson baya da gefe a bar shi inda yake, domin yadda ya hana zafi fita haka zai hana shi shiga. Murfin ne za a ɗage, a sa raga a madadinsa don kada kifi ya yi tsalle, a ɗora ƙaramar fanka tana hura saman ruwa. Lita 10 da za ta tashi a yini tana kwashe zafin da ya kai kusan digiri uku na ruwan tankinmu. Ruwan da ake ƙarawa a wannan lokaci ya zama mai ƙarancin gishiri, kuma a yawaita canji, domin ruwa ne kaɗai yake tashi, gishirin cikinsa yana nan yana taruwa.

A nan zan dakata. Wanda ya zo da awon tankinsa, tsawo da faɗi da zurfi, ya miƙo mu yi lissafinsa tare a lokacin tambayoyi.